Tukunya Mai Gindi Biyu

Ɗorawar Malam, ta Zakirai
4 ga Rajab

Tajuddeen,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki da zaman baƙunta. Mu nan babu mai ciwo. Babanka, Kawu Madu, ya zo daga Ungogo ranar Juma'a, ƙafar ta yi sauƙi, ya ce in gaya maka ya gaji da jin labarin ɗansa a bakin mutane.

Na ga kiranka sau tara tun rasuwar Inna. In na ɗauka ban san me zan ce ba bayan alhamdu lillahi, ita kuwa na faɗe ta har bakina ya gaji. Shi ya sa na yagi takarda a littafin 'yan ajina na rubuta, zan ɗauki hotonta in tura maka. In za ka amsa, ka amsa haka.

Saura wata biyu azumi. Ka san shekara talatin da ɗaya Inna tana aika kunun zaƙi bokiti biyu masallacin unguwa kullum don buɗa-baki. Ko shekarar da Baba ya rasu ba ta yi fashi ba. Ba ta bar mini wasiyya a kai ba, don ba ta samu damar barin wasiyya a kan komai ba. Amma ba na so a sha ruwa ranar ɗaya ga wata babu kununta a wajen.

Matsala biyu gare ni. Babbar tukunyarta ta zube a girkin sadakar bakwai, gindin ya sha faci har babu sauran wajen faci. Ta biyu ita ce tatar kunun. Ka tuna yadda muke yi: ƙyalle mai kunne huɗu, ita biyu ni biyu, muna ja muna girgizawa har ruwan ya tsiyaye dusa ta rage. Kunun bokiti biyu ba ya tatuwa da hannun mutum ɗaya, kuma tun da aurena ya mutu na dawo gida, mu biyu ne a gidan nan. Yanzu sai ni.

An ce a shagon kayan girki kake aiki a can. Akwai wata dabara da mutum ɗaya zai tace kunu mai yawa shi kaɗai? In babu, ka ce babu.

Nuriyya

*

Johannesburg
9 ga Rajab

Baiwata Nuriyya,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, sai mura da ta zame mini maƙwabciya. Allah ya jiƙan Gwaggo Amsa, ya sa ta huta, ya ba ki haƙurin da ba ni da bakin ba ki.

Na karanta takardarki a tsaye a cikin mota har na wuce tashar da zan sauka. Na sake karantawa ina neman inda za ki ce mini bawan gidanku, ban gani ba. Tun muna yara ba ki taɓa barin taubashinki ya wuce ba ki yaɓa masa magana ba. Ni dai ba zan fasa ba, baiwata ce ke har gobe.

Dabara akwai. Amma sai na fara gaya miki inda na samo ta, kuma ki riƙe a cikinki. Na ce wa Baba shagon kayan girki, ban yi ƙarya ba, gaskiyar ce ban cika ba. Tukwanen da muke sayarwa, masu dafa giya a gidajensu ne suke saye. Allah shaida ko ɗanɗanawa ban taɓa yi ba. Nawa awo da huda ƙarfe da ɗaura famfo. Da tallafin karatu ya yanke, abin da na samu ke nan, shekara biyu ina cewa wata mai zuwa zan bari.

Su ma aikinsu jiƙa hatsi ne da tsiro a ruwan zafi, sannan a raba ruwa da dusa, kamar naku sak har zuwa nan. Ba sa amfani da ƙyalle. Tukunyarsu gindi biyu gare ta. A ciki ana saka wani faifan ƙarfe mai ƙananan huji, irin gindin madambaci, yana tsaye a kan 'yan ƙafafu, tsakaninsa da gindin gaske yatsa uku. Famfo yana ƙasan faifan. Hatsi ya zauna a sama, ruwa ya sauka ƙasa, a murɗa famfo, shi ke nan.

Aiko miki da ita daga nan wahala ce. Na zana miki a bayan takardar nan, ki kai wa maƙeri. Ki zaɓi tukunya mai faɗi, kada ki ɗauki doguwa. Gindin ya zama mai kauri don kada ƙullu ya kama. Hujin ya zama daidai bakin basilla. Abu mafi muhimmanci, faifan ya kama jikin tukunya tsam, ko farce kada ya shiga ta gefe, in ba haka ba dusa za ta zagaya ta sauka.

Da wannan ke kaɗai kin isa, ba za ki ƙara buƙatar hannun kowa ba.

Ubangidanki,
Taju

*

Johannesburg
27 ga Rajab

Nuriyya,

Sallama da fatan kina lafiya. Kwana goma sha takwas ke nan. Waya ta nuna mini kin buɗe takardata tun ranar da na tura.

Na gane. Kin nemi taimako a kan kunun masallaci, ni kuma na ɗauko miki dabarar mashaya, har ina zolayarki kina cikin makoki. In kin ga abin ya ƙazantu a idonki, ki goge zanen, ba zan ji haushi ba. In kin gaya wa Baba ma ba zan ce kin ci amana ba, sai dai ina roƙo ki faɗa mini kafin ya kira, don in san da wace fuska zan ɗauka.

Ko zagi ne ki rubuto. Shirun ya fi zagi ciwo.

Taju

*

Ɗorawar Malam
6 ga Sha'aban

Tajuddeen,

Wa alaikumus salam. Lafiya muke. Zafi ya fara, rijiyar bayan makaranta ta ja baya. Kawu bai san komai ba, ka kwantar da hankalinka.

Maganar aikinka, na karanta, na zauna ina jira in ji abin da ya kamata in ji, ban ji komai ba. Kai ka san hukuncin, ba sai malamar aji uku ta karanta maka ba. In Allah ya buɗa maka wata ƙofa ka bi ta da gudu. Tukunyar da na saya kuwa sabuwa ce, a Zakirai aka zuba ta, ba ta taɓa ganin abin da kake tsoro ba.

Abin da ya tsayar da ni layinka na ƙarshe ne. Ka ce ba zan ƙara buƙatar hannun kowa ba. Na ɗauka kana gaya mini ne a fakaice kada in sa ran kowa, har da kai, in koyi zama ni kaɗai tun da wuri. Ban yi fushi ba. Na ce gaskiya ya faɗa, na ajiye wayar, kwanaki suka yi ta wucewa. Haka suke yi mini yanzu, sai in ɗaga kai in ga Juma'a ta sake zagayowa.

Babu wanda ya gaya maka yadda Inna ta tafi, ko? An ce maka hawan jini. Muna tata ne, kunun sunan jikar maƙwabta. Tana riƙe da kunnuwanta biyu tana yi mini faɗa wai ina ja kamar wadda ba ta karya ba. Sai kunnen hagu ya suɓuce mata. Kunu ya kwarare mana a ƙafa. Na ce, "Haba Inna!" da ƙarfi, don na ɗauka sakaci ne. Ta dube ni, bakinta ya karkace. Maganar ƙarshe da ta ji daga gare ni ke nan tana cikin hayyacinta. Kwana biyu ta yi a asibiti.

To ka ji dalilin tambayata. Nana Maryam matar ladan, ƙawar Inna tun suna amare, ta zo har sau biyu ta ce in azumi ya zo ita za ta kama mini. Na ce mata an gode, na samu dabara. Ba zan iya tsayawa gaban wata ina kallon hannunta a kan ƙyallen nan ba.

Ranar kasuwa na je wajen Zaharaddini maƙeri da zanenka a waya. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya ce, "Malama, wannan madambaci ne ko tukunya?"

Na ce, "Duka biyun."

Ya ce, "To famfon fa? Ta nan dambun zai riƙa fitowa?"

Maƙeran da ke gefensa suka yi dariya. Na san abin dariya ne, sai na nuna musu haƙora.

Ya nuna mini ta silba mai ƙyalli, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya ce wannan ta 'yan gayu ce, wuta biyu za ta sha ta lotsa. Na ɗauki ta zubi mai faɗi, gindinta ya kai kaurin ɗan yatsana. Mu biyu muka ɗora ta a Keke Napep. Faifan ya ɗauke shi kwana huɗu, ya ce bai taɓa huda ƙarfe ɗaya sau ɗari bakwai ba, in na sake kawo masa irin wannan aikin zai ce ba ya nan. Faifan ya kama tsam kamar yadda ka ce, sai da ya buga shi da guduma ya zauna.

Tana nan a madafa, a inda tsohuwar take. Ta fi ta kyau nesa ba kusa ba.

Nuriyya

*

Johannesburg
8 ga Sha'aban

Nuriyya,

Wa alaikumus salam. Na gode wa Allah da na ga rubutunki.

Wallahi ban nufi haka ba. Ina yabon tukunya ne, kamar yadda nake yi wa masu saye, bakina ya saba. Da ina da takardun da zan fita in dawo, da ni zan riƙe miki kunnuwa biyun, ko da za ki yi ta cewa ban iya ba.

"Haba Inna" ba zagi ba ne. Gwaggo ta ce mini abin da ya fi haka sau dubu a kan zubar da kunu, kuma ina son ta. Ita ma ta san kina son ta.

Abu ɗaya nake roƙo: ki gwada tukunyar kafin azumi, ko da tiya ɗaya. A nan ba a amincewa da sabon faifai sai an ga aikinsa.

Taju

*

Ɗorawar Malam
2 ga Ramadan

Tajuddeen,

Sallama. An sha ruwa lafiya. Barka da shigowar wata.

Ban gwada ba. Sau uku ina auna dawa ina mayarwa buhu. Ban so kunun farko bayan Inna ya zama na gwaji ba.

Na jiƙa tiya biyar tun da aka fara duban wata. Jiya da sassafe na kai inji, citta da kanumfari da busasshen dankali, komai yadda take yi. Mai injin ya niƙa mini lukui, ya ce ya tuna yadda Hajiya Amsa take so. Na dama rabi a sabuwar tukunya, ya sha iska, na zuba ragowar da tsiron shinkafa, na rufe.

Bayan azahar na tara bokiti na murɗa famfo. Ya zubo kamar kofi uku, da dusarsa da komai, sannan ya tsaya. Na zura tsinke, ya ɗiga sau biyu. Na tsoma hannu har kafaɗa in ciro faifan, ya ƙi motsi, ka san guduma ce ta zaunar da shi. Ƙullu ya cika ƙasansa ya daskare.

Ƙyallen yana rataye a igiya, taku huɗu daga inda nake. Gidan Nana Maryam katanga ɗaya ce tsakaninmu, in na yi tari tana ji. Na san abin da ya kamata in yi, akwai sauran lokaci ma. Sai na zauna a kan turmi ina kallon tukunyar. Aka kira la'asar ina zaune. Kunu ya fara kumfa a rana ina kallo. Aka kira magariba, na sha ruwan randa, na ci dabino biyu.

Yau da safe na buɗe murfin, warin ya buge ni. Ina jin na kusa yin abin da masu sayen tukwanenku suke yi. Na kwashe da ƙwarya na kai bayan gida, na tona rami na binne don kada awaki su sha.

Ba wannan ne ya sa na rubuto ba. Jiya na kasa kunne, ina jira a yi sallama a ƙofa a ce ladan yana tambaya ko lafiya. Har aka idar da tarawi babu wanda ya zo. Yau ma na wuni a gida, shiru. Shekara talatin da ɗaya, Taju, bokiti biyu kullum, ta ƙona hannu ta ƙona ido a bakin murhu, kuma aka sha ruwa babu kununta, ko mutum ɗaya bai tambaya ba.

Ina tsammanin ya kamata abin ya yi mini ciwo. Na duba, wajen babu komai. Wataƙila ma hutu ne. Ba zan sake jiƙawa ba.

Nuriyya

*

Johannesburg
3 ga Ramadan

Nuriyya,

Wa alaikumus salam. Laifina ne, daga farko har ƙarshe.

Na kai zanen wajen mai shagonmu na ba shi labari. Tambaya ɗaya ya yi mini: yaya kuke niƙa hatsin? Nan take na gane. Su masu giyar ɓarza suke yi, ƙwaya ta fashe biyu ko uku, ɓawon yana nan, shi yake kwanciya a kan faifan ya zama matata. Naku ƙullu ne mai laushi, ko hujin allura zai bi. Ni da na girma ina ganin ana kai wa Gwaggo niƙa, shekara biyu a cikin ɓarzajjen hatsin Turawa ta mantar da ni. Na ba ki tukunyar da ba za ta taɓa tace kunun zaƙi ba, kuma na ce a matse faifan yadda ba zai fita ba.

Ki sa Zaharaddini ya cire shi, tukunyar kanta lafiyayya ce. Ki kifa tebur, ki ɗaure ƙyallen a ƙafafunsa huɗu, ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan. Zai ɗauki lokaci amma zai yi.

Ban san me ya sa ba su tambaya ba. Amma kada ki yanke hukunci a kan shiru, ni na yanke a kan naki, kin ga inda na faɗa.

Taju

*

Ɗorawar Malam
6 ga Ramadan

Bawan gidanmu,

Wa alaikumus salam. Lafiya muke, sai ƙishirwa. Ka daina dukan ƙirji, mai shagonku ya fi ka hankali, wannan kuwa ba sabon labari ba ne a dangi.

Teburinmu ƙafa uku gare shi da bulo, don haka wannan dabarar ma ka riƙe kayanka.

Ranar uku ga wata da hantsi Nana Maryam ta shigo ba ta jira an amsa sallamarta ba, riƙe da bokitan masallaci biyu, wankakku. Ta dire su a tsakar gida ta ce, "Ke 'yar nan, ni na gaji da wannan kunyar." Ashe tun kafin azumi liman ya tara su ya ce kada wanda ya kuskura ya yi mini zancen kunu, marainiya ce, kada a ɗora mata nauyi. Ranar farko Malam Khalilu ladan ya share wajen da ake ajiye bokitan, ya jera kofuna kamar kullum, sannan ya tuna, ya tattara su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ya shigo gida ya kasa cin tuwo.

Ta leƙa tukunyar, ta ga faifanka, ta ce, "Wannan kuma wane shaiɗanin ne ya ba ki?" Na ce wani bawa ne da muke da shi a ƙasar waje. Ta aika aka kira Zaharaddini, ya zo yana mita, ya fitar da shi da ƙyar. Yanzu a kan randa yake, yana hana ƙuda.

Ba ta tambaye ni ko zan yi ba. Ita ta auna dawar, ita ta jiƙa.

Jiya bayan azahar ta ciro ƙyallen daga igiya ta miƙo mini kunnuwa biyu. Na ce mata ba zan iya ba. Ta ce, "Ni ma ban iya ba, hannuna duk sanyin ƙashi ne. Kama." Na kama. Ba na ganin kunun, ba na ganin fuskarta, yatsunta kawai nake kallo, kumburarru. Duk girgizawa ɗaya sai in ce yanzu za su saki. Ta ce in daina ja kamar mai kokawa. Muka tace tukunyar nan kaf, ba su saki ba. Da muka gama na zauna a ƙasa, ita kuma ta zuba sukari ba tare da ta tambaye ni ba.

Bokiti ɗaya da rabi ya fita. Aka kai.

Yau da safe ta dawo da bokitan. Na ce yaya? Ta yi ta kewaye-kewaye, wai an sha, an yi addu'a, an sa albarka. Na ce Nana, me Malam ya ce? Ta ce, "To, kin san shi da baki. Ya kurɓa sau biyu, ya ajiye kofi, ya ce an gode Allah, amma wannan bai kama ƙafar na Amsa ba. Wai citta ta yi kaɗan, kuma nata yana da wani kauri a ƙarshen maƙogwaro."

Taju, wani abu ya taso mini tun daga ciki har kunnuwana suka yi zafi. Tsohon nan! Shekara shida ni nake dama kunun da yake sha yana cewa na Amsa, ita tata kawai take kama mini da faɗa. Citta kuwa da hannuna na auna, daidai da kullum. Na miƙe ina faɗa, ina nuna katangarsu da ludayi, na ce ta je ta gaya masa bakinsa ne ya tsufa. Nana tana tsaye tana kallona, hawaye yana zubo mata, tana dariya. Sai a lokacin na ji muryata. Wata huɗu ke nan ban ji haushin kowa ba.

Na yi kuka bayan ta tafi, mai yawa, har na makara azahar. Ina kewar Inna, Taju. Ina kewarta ƙwarai.

Ka kira ni ranar Juma'a bayan an sha ruwa, zan ɗauka. Yanzu zan tashi, na jiƙa tiya shida, na aika a ƙaro citta daga Zakirai. Malam Khalilu zai gani.

Uwargijiyarka,
Nuriyya